Idon Zakara: Ganye Mai Zaƙi, Ƙwaya Mai Kyan Ɗan Maciji

1.0 Gabatarwa

Tun kafin zuwan asibiti da kantin magani, Bahaushe da maƙwabtansa sun dogara ne da itatuwa da tsirrai wajen neman lafiya. Ko a yau, idan tari ko shawara ko basir ya kama mutum, sau da yawa 'yar mai ganye ake fara tuntuɓa kafin a je wurin likita. Wannan ilimi gado ne mai daraja, sai dai yana da wani sharaɗi da ake yawan mantawa da shi. Sanin sunan tsiro kawai ba shi ne sanin magani ba. Wajibi ne a san wane sashe na tsiron ake amfani da shi, ganye ne ko saiwa ko 'ya'ya, kuma ta wace hanya.

Da wuya a sami tsiron da ya fi idon zakara fito da wannan sharaɗi fili. Ganyensa yana da zaƙi, kuma al'ummomi da yawa suna tauna shi don maganin tari. Amma jajayen ƙwayoyinsa, waɗanda yara ke tsinta suna wasa da su, suna ɗauke da ɗaya daga cikin gubobi mafi ƙarfi da aka sani a jikin tsiro. Wannan maƙala za ta yi bayanin sunan tsiron da siffarsa, da irin yanayin da yake so, tare da ɗaukar ƙasar Suleja ta Jihar Neja a matsayin misali. Daga nan za a dubi amfaninsa a gargajiyance, da haɗarin da ke cikin ƙwayarsa, da abin da ya kamata a yi idan tsautsayi ya auku.

2.0 Suna da Asali

Hausawa sun raɗa wa tsiron suna ne daga kamannin ƙwayarsa: ja ce wur, mai sheƙi, da baƙin ɗigo a gefe guda, kamar dai idon zakara. Abin sha'awa shi ne, ba Hausawa kaɗai suka ga ido a jikin wannan ƙwaya ba. Yarabawa suna ce mata oju ologbo, wato idon kyanwa. Ibo suna cewa anya nnunu, wato idon tsuntsu. Ɗaya daga cikin sunayenta a Ingilishi ma'anarsa idon ƙaguwa. Larabawa kuwa ainud-diki suke cewa, wanda fassararsa ita ce idon zakara, daidai da na Hausa. Wannan dacewa abin nazari ce ga ɗalibin harshe mai sha'awar aro ta hanyar fassara, ganin yadda Hausa ta daɗe tana cuɗanya da Larabci ta hannun malamai da littattafan ɗibbu.

Masana ilimin tsirrai suna kiransa Abrus precatorius, sunan da Carl Linnaeus, mutumin ƙasar Suwidin, ya ba shi a shekarar 1767. Kalma ta biyu daga Latin take, kuma tana da nasaba da addu'a, saboda an daɗe ana huda ƙwayoyin ana yin carbi da su. Tsiron ɗan gidan su wake ne da gyaɗa da tsamiya da ɗorawa. Ana samunsa a ƙasashe masu zafi na Afirka da Asiya, kuma ya bazu har zuwa nahiyar Amurka.

Likitan nan J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya zamanin mulkin mallaka, ya kawo sunan idon zakara a ƙamus ɗinsa na sunayen tsirrai da Hausa wanda aka buga a 1916. A nan akwai abin lura. Hausawa sukan kira 'ya'yan itacen minjirya ma da idon zakara, domin su ma jajaye ne. Amma minjirya itace ce mai ƙaya da ke tsayuwa da ƙafarta, kuma 'ya'yanta ba su da wannan baƙin kai. Ke nan suna ɗaya ya haɗa tsirrai biyu mabambanta, kuma irin wannan ruɗani ba ƙaramin abu ba ne a sha'anin magani.

3.0 Siffar Tsiron

Idon zakara tsiro ne mai yaɗo wanda ba ya iya tsayuwa da kansa. Siririn jikinsa yakan nannaɗe duk abin da ya samu kusa, ko itace ko shinge ko danga, yana hawa sama neman hasken rana. Idan ya sami madogara mai kyau, tsawonsa yakan kai mita 5 ko fiye. Ba ya mutuwa da ɗaukewar damina kamar wake. Shekara da shekaru yake yi, gindinsa yana ƙara tauri kamar itace.

Ganyensa ya yi kama da na tsamiya ƙwarai: ƙananan ganyayyaki ne jere bibbiyu a kan sili guda, kuma sukan rufe idan dare ya yi. Furensa ƙanana ne irin na wake, masu launin ruwan hoda, suna fitowa a cure. Bayan fure sai kwanso, wanda tsawonsa bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba, kuma shi ma a cure yake fitowa. A cikin kowane kwanso akan sami ƙwaya 3 zuwa 7.

Idan kwanson ya bushe sai ya tsage ya murɗe, amma ƙwayoyin ba sa zubewa nan da nan. Sukan daɗe maƙale a jikinsa suna ƙyalli, har tsawon makonni. Wannan dabara ce ta jawo tsuntsaye, waɗanda ke haɗiye ƙwayar su kai ta wani wuri su kasayar. Abin takaici, jan da ke jawo tsuntsu shi ne kuma ke jawo yaro.

4.0 Yanayin da Yake So

Abu uku idon zakara yake buƙata: ɗumi, da danshi daidai gwargwado, da abin hawa. Ba ya jure sanyi mai tsanani irin na ƙasashen Turai, shi ya sa ya tsaya a ƙasashe masu zafi. Ba shi da tsirfa wajen zaɓen ƙasa. Yana yi a jigawa da jar ƙasa da ƙasa mai tsakuwa, muddin ruwa ba ya kwanciya a wurin. Kamar yawancin dangin wake, saiwarsa tana da 'yan ƙulle-ƙulle inda wasu ƙwayoyin bakteriya ke zaune suna samar masa da sinadarin naitirojin daga iska. Wannan ne ya sa yake rayuwa ko a ƙasar da ta gaji. Ya fi son wurin da gindinsa ke cikin inuwa, kansa kuma yana cikin rana, shi ya sa aka fi ganinsa a bakin kurmi da gefen hanya da tsofaffin shingaye.

Idan aka dubi ƙasar Suleja za a ga ta cika waɗannan sharuɗɗa. Garin, wanda Abu Ja ya kafa a 1828, kuma aka san shi da sunan Abuja kafin sabon babban birnin tarayya ya karɓi sunan bayan 1976, yana cikin yankin dajin da ke tsakanin busasshiyar Arewa da kurmin Kudu. Damina takan fara wajen watan Afrilu ta kai Oktoba, kuma ruwan da ake samu a shekara ya haura milimita 1,000 nesa ba kusa ba, kusan ninki biyu na abin da Sakkwato ke samu. Ga duwatsu da kwazazzabai, ga rafuka irin su Iku, waɗanda bakinsu ke da duhuwar itatuwa. A irin waɗannan wurare masu danshi tsiron yakan riƙe koren ganyensa har cikin rani. A busasshen fili kuwa yakan kaɗe ganye lokacin hunturu, sai ruwa ya sauka ya sake tohowa. Saiwarsa tana nitsewa ƙasa sosai, saboda haka sara ko gobarar daji ba su cika kashe shi ba.

Ta ƙwaya yake yaɗuwa. Ɓawon ƙwayar yana da tauri ainun, ruwa ba ya shigarsa da sauri, don haka takan daɗe a cikin ƙasa kafin ta tsiro. Galibi ba shuka shi ake yi ba, da kansa yake fitowa inda tsuntsu ya yar da ƙwayar. A Jihar Fulorida ta Amurka, inda aka kai shi daga waje, ya yaɗu har ya zama annoba yana danne tsirran asali na wurin. A nan gida kuma, yadda garuruwa irin su Suleja da Madalla ke ta faɗaɗa saboda kusancinsu da Abuja, gidaje da makarantu sun shiga wuraren da a da gonaki ne da daji. Yawancin yaran da ke tashi a sababbin unguwannin ba su sami kakannin da za su nuna musu abin ci da abin gudu a cikin daji ba.

5.0 Amfaninsa a Gargajiyance

5.1 Ganye

Ganye shi ne sashen da aka fi amfani da shi, kuma shi ne mafi sauƙin haɗari. Duk wanda ya tauna shi zai ji ɗan bauri da farko, sannan wani zaƙi mai daɗewa a harshe ya biyo baya. A Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma ana tauna shi ɗanye, ko a tafasa a sha ruwan, don maganin tari da mura da ciwon maƙogwaro da dishewar murya. Wasu sukan zuba shi cikin jiƙo mai ɗaci don ya rage ɗacin. Akan kuma dandaƙa shi a shafa a kan kumburi ko ƙuraje. A Indiya ma haka abin yake, ana tauna shi don gyaran murya da gyambon baki.

Kimiyya ta gano sirrin wannan zaƙi. A shekarar 1989 wasu masu bincike a Jami'ar Illinois da ke Cikago ta Amurka suka ware wasu sinadarai daga ganyen, suka kira su abrusosides, waɗanda zaƙinsu ya ninka na sukari sau 30 zuwa 100. Sai dai ya kamata mai karatu ya lura, mafi yawan binciken da aka yi game da maganin da ke cikin ganyen, a kan dabbobi aka yi shi da kuma cikin ɗakin gwaje-gwaje. Abin da ya yi aiki a jikin ɓera ba lallai ne ya yi a jikin mutum ba. Haka kuma tarin da ya wuce mako 2, ko wanda ke zuwa da jini ko rama ko zufar dare, ba na ganye ba ne. Alamun tarin fuka ke nan, kuma gwajinsa da maganinsa suna asibiti.

5.2 Saiwa

Ita ma saiwar tana da ɗan zaƙi, shi ya sa a wasu ƙasashe aka yi amfani da ita a madadin saiwar nan da Larabawa ke kira irƙus-sus. Akan jiƙa ta ko a dafa don tari da ciwon ciki. Guba ta fi taruwa ne a cikin ƙwaya, amma wannan ba izini ba ne na shan sauran sassan ba tare da ƙa'ida ba, musamman ga mai juna biyu da mai shayarwa da jariri.

5.3 Ƙwaya

Ƙwayar ta yi suna a wajen ado da awo. Saboda kusan nauyinsu ɗaya ne, maƙeran zinariya na Indiya sun mai da ita ma'auni mai suna ratti, wanda bai wuce kashi 1 cikin 8 na giram ba, kuma ratti 96 ne ke ba da tola 1. Mutanen Ashanti na ƙasar Gana ma sun yi awon garin zinariya da ita. A nan kusa, Koro, waɗanda suna cikin tsofaffin mazauna ƙasar Suleja da kewayenta, sun shahara da manna jajayen ƙwayoyin a jikin abin da masu rawar gargajiya ke ɗorawa a ka. Ana kuma zuba su cikin caki, ana yin sarƙa da munduwa da su.

Inda gizo ke saƙa shi ne shigar da ƙwayar cikin magani. A wurare daban-daban na Afirka da Asiya an yi amfani da garinta don hana ɗaukar ciki ko zubar da shi, da kuma ciwon ido. Ko Turawa sun taɓa faɗawa wannan rami. A 1882 wani likitan ido a birnin Faris mai suna Louis de Wecker ya yaɗa wata al'ada da aka samo daga Birazil, ta ɗiga jiƙon ƙwayar a idon mai ciwon tarakoma, wato ciwon nan da ke juya gashin ido ciki ya riƙa gogar idon. Jiƙon yakan haddasa mummunan kumburi, kuma a wasu marasa lafiya ya lalata idon gaba ɗaya. Daga baya likitoci suka watsar da hanyar.

6.0 Gubar da ke Cikin Ƙwaya

Sunan gubar abrin. Wani nau'in furotin ce, 'yar'uwar gubar risin da ake samu a 'ya'yan zurma, amma ta fi ta ƙarfi. Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kuma a cikin kowace akwai wasu 'yan sassa da aikinsu shi ne ƙera furotin, wanda sai da shi rayuwa ke tafiya. Gubar tana da ɓangare biyu. Na ɗaya yakan maƙale a jikin ƙwayar halitta ya buɗe hanya, na biyu kuma ya shiga ciki ya tsayar da aikin ƙera furotin. Da aikin ya tsaya, sai ƙwayar halittar ta mutu. Da yake ta baki gubar ta fi shiga, hanji ne ke fara jin jiki, daga nan sai hanta da ƙoda.

Mai karatu zai iya cewa, ai mun yi wasa da idon zakara muna yara, wasu ma sun haɗiye shi, ba abin da ya same su. Gaskiya ne, kuma dalilin shi ne taurin ɓawo. Busasshiyar ƙwaya da aka haɗiye sukutum takan fita ta bayan gida yadda ta shiga. Haɗarin yana zuwa ne idan an tauna ta, ko an daka, ko an huda ta don yin sarƙa, ko kuma ɗanya ce wadda ɓawonta bai yi tauri ba. A irin wannan hali, likitoci suna ɗaukar ko ƙwaya 1 a matsayin abin da zai iya halaka yaro. Saboda haka ne a ƙarshen 2011 wani shahararren lambun baje kolin tsirrai na Ingila, Eden Project, ya nemi jama'a su mayar da mundayen da ya sayar musu, bayan an gano da ƙwayar idon zakara aka yi su.

Wani mugun halin gubar shi ne jinkiri. Mutum yakan yi sa'o'i, wani lokaci har kwana 1 zuwa 3, garau kamar ba abin da ya faru. Daga nan sai tashin zuciya da amai da murɗar ciki da gudawa, wadda kan zo da jini. Ruwan jiki yakan ƙare, fitsari ya ragu, a wasu lokuta har da jijjiga. Wannan jinkiri ne ke sa iyaye ba sa danganta ciwon da ƙwayar, sai a ɗauka kwalara ce ko sammu. Dabbobi ma ba su tsira ba, musamman dawaki.

Duk da haka, wannan guba ta yi wa duniya rana. A 1891 masanin nan na Jamus, Paul Ehrlich, ya riƙa ba ɓeraye abrin da risin kaɗan-kaɗan, sai ya ga jikinsu ya samar da kariya, kuma kariyar da aka samu daga guba ɗaya ba ta aiki a kan ɗayar. Wannan gwaji yana cikin tubalan da aka gina ilimin garkuwar jiki a kansu, ilimin da ya ba Ehrlich lambar yabo ta Nobel a 1908.

7.0 Abin Yi

Har yanzu babu makarin wannan guba. Abin da asibiti ke yi shi ne rage yawan gubar da hanji zai tsotsa, ta hanyar ba da wani gawayi na musamman idan an zo da wuri, da yin ƙarin ruwa, da lura da hanta da ƙoda. Da yawa daga waɗanda aka kai da wuri suna warkewa. Saboda haka:

1. Idan yaro ya tauna ƙwayar, ko ana zaton ya tauna, a garzaya da shi asibiti nan take, ko da kuwa yana wasansa. Ga mazauna wannan yanki akwai Babban Asibitin Suleja, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada.

2. A tafi da samfurin ƙwayar ko reshen tsiron don likita ya gani da idonsa.

3. Kada a ɓata lokaci wajen ɗura manja ko madara, kuma kada a tura yatsa a maƙogwaro don a sa shi amai. Ba sa karya gubar, kuma yaro zai iya shaƙewa.

4. Kada a sha garin ƙwayar ko a sa jiƙonta a ido da sunan magani, ko wa ya bayar. Dafawa a gida ba ta ba da tabbacin gubar ta mutu.

5. Mai tsinko ganye ya tsince shi tsaf, kada ɗanyen kwanso ya biyo shi cikin tukunya.

6. A tumɓuke tsiron da saiwarsa daga shingen gida da na makaranta da islamiyya, a kuma raba yara da sarƙa ko caki mai ƙwayar.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mun ga cewa jimlar nan "idon zakara magani ne" rabin gaskiya ce, kuma rabin da aka bari shi ne mai kisa. Masu maganin gargajiya na ƙwarai sun san wannan bambanci, amma ilimin yakan gurɓace idan ya bi baki zuwa baki. Hanyar tsare shi ita ce rubutu da gwaji. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, da ke Idu a Abuja, ta nuna hakan mai yiwuwa ne lokacin da ta ɗauki wani haɗin gargajiya mai ɗauke da masoro da kanumfari ta mai da shi maganin sikila mai suna Niprisan. Hukumar NAFDAC kuma, wadda aka kafa a 1993, ita ke da alhakin tantance magungunan gargajiya da ake sayarwa.

Mu ɗaliban Hausa muna da namu rabon aikin. Idan muka fita tattara sunayen tsirrai daga bakin dattawa, kada mu tsaya ga suna da kirari. Mu rubuta siffar tsiron, da sashen da ake amfani da shi, da wanda ake gudu, da sauran tsirran da suka yi tarayya da shi a suna. Kafin nan kuma, duk wanda ya karanta wannan maƙala ya nuna wa ƙannensa wannan jar ƙwaya mai baƙin kai, ya gaya musu ta kallo ce ba ta baki ba. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.